Filash yana haskawa, hoto yana fitowa da duhu: amsoshin tambayoyin masu ɗaukar hoto

Daga Gusau: Ina ɗaukar hoton biki da Canon 700D da lensin 18-55. Na sayi filash Godox TT600 don an ce ƙarfinsa 60, amma a wurin dina in na ɗan ja baya sai amarya da ango su fito da duhu. In sayar in ƙara kuɗi in sayi Canon 600EX?

Kada ka sayar, ƙanina, kuma kada ka ci bashi. Shi ma 600EX ɗin 60 aka rubuta masa. Wannan lambar, wadda ake kira GN, ana auna ta ne a ISO 100 (ISO shi ne saitin yadda kyamara ke saurin karɓar haske) bayan an matse hasken filash zuwa 200mm, wato siririn haske da ba wanda ke ɗaukar taron biki da shi. A 35mm, inda aka fi aiki a ɗakin taro, lambar 600EX ta sauko 36. Ka raba lambar da buɗin lensinka, abin da ya fito shi ne nisan da hasken zai kai. Lensinka in ka zuƙo zuwa 55mm ba ya buɗewa fiye da f/5.6, saboda haka 36 a raba da 5.6 ya ba ka mita shida da 'yan kai, kuma wannan a cikakken ƙarfi ne. Haske kuwa ba ya raguwa daidai da taku. In ka tashi daga mita uku ka koma mita shida, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa fuskar amarya.

TT600 ba ya lissafin komai da kansa, kai ne za ka saita ƙarfi, kai ne za ka saita faɗin haske. Duba ko tun daga shago ƙarfinsa yana kan 1/32 ko 1/64 na cikakken ƙarfi. Duba kuma ko ka jawo ɗan faifan robar nan na gaban kan filash ka bar shi a waje, domin yana baza haske ko'ina ya kashe nisa. Ka fara da ISO 400, f/5.6, gudun shota (labulen da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara) 1/125, faɗin haske 35mm, ƙarfi 1/4, ka tsaya kamar mita biyar. In fuska ta yi fari da yawa ka sauko 1/8. Ɗaga ISO daga 100 zuwa 400 kaɗai yana ninka nisan da filash ke kaiwa. In kuɗin na maka ƙaiƙayi, lensin 50mm f/1.8 ya fi 600EX araha nesa ba kusa ba, kuma a f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na abin da kake samu a f/5.6.

Daga Kaduna: Ina da Nikon D7200 da filash Godox TT685 a kan TTL. Hoton mata a kamu yana kyau, amma ranar ɗaurin aure maza na fitowa da duhu, farar shadda ta koma toka-toka.

Na'urarka lafiyarta ƙalau, farar shaddar ce ke ruɗa ta. A TTL filash yana fara sakin ɗan ƙaramin haske, kyamara ta auna abin da ya dawo, sannan ta yanke yawan hasken da za a saki. Tana lissafi a kan cewa abin da ke gabanta tsaka-tsaki ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Da ta ga manyan riguna farare goma sun dawo mata da haske mai yawa, sai ta ɗauka wuri ya wadatu ta rage. Ka ƙara wa filash +0.7 zuwa +1.3 duk lokacin da fari ya cika hoton, ka mayar sifili da ka bar wurin. Madubi, gilashin mota da leshin amarya mai duwatsu duk suna jawo haka, wani lokaci fiye da shadda.

Abu guda da masu Nikon ke mantawa: ragin hasken da ka yi da maɓallin +/- na kyamara yana shafar filash ma, sai in ka canza hakan a saiti. In ka rage -1 da rana a ƙofar masallaci ka shiga zaure ba ka mayar ba, filash ya bi sahu. Kuma ka daina yarda da allon kyamara da dare. Yana nuna hoto da haske fiye da yadda yake, sai ka je wanki ka ga duhu. Buɗe jadawalin haske na kyamara (histogram), in duk ya taru a hagu, hoton bai ƙoshi ba.

Daga Bauchi: Ina ɗaga kan filash sama kamar yadda nake ganin manya suna yi, amma a filin kamu da dare ba na samun komai.

Malam, mene ne a saman naka da zai dawo maka da hasken? Ana ɗaga kan filash ne don haske ya bugi farin silin ya sauko a hankali. A fili, ko a ɗakin taro mai dogon rufi da aka lulluɓe da baƙin yadi ko ja, batir kawai kake ƙonawa. Ko a ƙarƙashin farin silin mai tsayin mita uku ana asarar haske wajen ninki huɗu, balle inda babu rufi. Miƙe kan filash ga mutane, cire hular robar nan da ke cin rabin haske ko fiye, matsa kusa. Kafin ka kwaikwayi abu ka tambayi dalilinsa.

Daga Damagaram: Da kuɗin adashe na sayi filash don in fara ɗaukar hoton suna da walima. Hoton farko yana kyau, na biyu da na uku duhu, wani sa'in ma ba ya haskawa. Hankalina ya tashi, ina tsoron an sayar mini da mataccen kaya.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ba ki yi asara ba. Filash ɗin da ya ba da hoto mai kyau sau ɗaya yana da rai. Abin da kika bayyana alamar batir ce. A cikin filash akwai ma'ajiyar wuta da sai ta cika zuwa wajen bolt 300 kafin a sami cikakken haske, kuma duk haskawa tana juye ta. Kamar randa ce da ake cikawa da famfo: in ruwan siriri ne, kin kamfata sau ɗaya sai jira. Da batir mai kyau cikawa daga cikakken ƙarfi tana ɗaukar wajen daƙiƙa uku. Da batirin rediyo na shagon unguwa tana iya kai daƙiƙa goma ko fiye, kuma tana ƙara tsawo da kowane hoto. Ki dinga duban fitilar da ke bayan filash kafin ki latsa, ki kuma ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 don ki yi aiki a ƙarfi 1/4 ko 1/8, nan cikawa take kusan nan take.

A nan zan tsaya, domin wannan magana ta batir tana ci mini rai. Mutum zai tara kuɗin wata da watanni ya sayi kyamara da filash, sannan ranar aiki ya aika yaro ya sayo batura huɗu na tocila, ya zo yana zargin kamfani. Filash yana jan wuta mai yawa lokaci guda, batirin nan mai baƙin gawayi a ciki ba a yi shi don haka ba. Abin da ake buƙata shi ne batir mai caji irin NiMH. To a nan jabu ya yi katutu. Kasuwa cike take da ƙananan batura masu caji da aka rubuta musu 3800 ko 4800 mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) da manyan lambobi. Ƙarya ce. Batirin NiMH na girman AA na gaskiya ba ya wuce wajen 2800. Farar Eneloop ta Panasonic, wadda masu hoto suka fi amincewa da ita, wajen 2000 ce, baƙar kuma wajen 2500. Duk wanda ya nuna miki lamba ta ninka wannan a farashin da bai kai rabi ba, ajiye masa kayansa.

Sunan Eneloop ɗin ma ana bugawa a kan jabu, don haka suna bai isa shaida ba. Nauyi ya fi wahalar ƙaryatawa: kowane ɗaya na gaskiya yana tsakanin giram 26 zuwa 30, huɗu sun haura giram 100 a ƙaramin sikeli. Na jabu da kin ɗauka za ki ji shi fayau. Na asali kuma yana da ranar ƙira da aka danna a jikin robarsa ta gefe, ba da tawada ba. Gwajin da ya fi duka shi ne ki tafi shago da filash ɗinki, ki sa baturan da aka caja, ki kai ƙarfi 1/1, ki latsa maɓallin gwaji sau biyar kina ƙirga daƙiƙa tsakanin kowane haskawa da dawowar fitila. Mai shagon da ya hana ki wannan gwaji ya riga ya ba ki amsa.

Saura caja. Masu arahar nan da ke caja bibbiyu ba tare da tsayawa ba suna dafa batir har ya mutu da wuri. Ki nemi mai fitila ɗaya ga kowane gurbi, wadda ke yankewa da kanta, in so samu ne mai USB don ki iya caji da fawa banki ranar da babu wuta. Ki sayi jeri biyu, ki yi musu alama, kada ki haɗa tsoho da sabo, domin rago ɗaya a cikin huɗu yana jawo sauran ƙasa. Ki cire batura in kin gama aiki, don masu zubar da ruwa suna cinye ƙarfen cikin gurbi. Akwai kuma batirin litiyam mai lamba 14500 da ke zuwa a wasu tociloli. Girmansa ɗaya da AA amma bolt 3.7 ne maimakon 1.2, huɗu daga cikinsa za su ƙona filash nan take. Sannan ko da wasa kada ki kwance filash ko ki ba mai gyaran rediyo da bai san shi ba, wutar da ke ajiye a ciki tana nan ko bayan an cire batir, kuma tana iya ji wa mutum rauni. In filash ya ɗauke bayan haskawa ashirin zuwa talatin a jere da cikakken ƙarfi, musamman a zafin bazara, kare kansa yake yi daga ƙonewa. Ki ba shi minti goma.

Daga Sakkwato: Rabin hotona baƙi ƙirin, rabi da haske. Labulen kyamara ya lalace?

A'a. Ka wuce gudun da shota da filash ke haɗuwa. A yawancin ƙananan Canon da Nikon 1/200 ne, a wasu 1/250, a Canon 6D 1/180. Sauko ƙasa da haka baƙin ya ɓace. In ka kunna HSS, saitin da ke ba filash damar aiki da shota mai gudu sosai, zai ɓace ma, amma ƙarfin filash ya faɗi sosai, ka koma cikin matsalar ɗan'uwanmu na Gusau.

Daga Kumasi: Zan sayi filash na hannu, wanda aka yi amfani da shi, don Canon 2000D. Me zan duba?

Fara da mazaunin filash a saman kyamararka. Canon ta fitar da 4000D, 250D da yawancin 2000D babu babban ɗigon ƙarfen nan na tsakiya, kuma filash mai ƙafa ɗaya irin TT600 ko Yongnuo YN560 da shi yake karɓar umarni. In babu shi ba zai haska ba sam. In TTL kake so, duba harafin ƙarshen suna: C na Canon, N na Nikon, S na Sony, kuma ba sa musanya. Kada ka saya ta hoton WhatsApp. Je da kyamararka, ɗora shi, ɗauki hoto a 1/1 da 1/8 da 1/64 ka ga haske yana raguwa, juya faɗin haske ka ji motar ciki tana motsi. Duba gilashin gaba, in ya yi rawaya ko ya narke, ya sha wuta da yawa. Buɗe gurbin batir ka nemi farin gari ko tsatsa, ka girgiza ƙafar ka ga ko ta tsage. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, bar shi komai arahar da aka yi maka.