Al'ummar Roma ba su bar fada ko ganuwa ba, me za a nuna wa baƙo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana maganar hanyoyin tarihi a Turai, har ana so a yi wa al'ummar Roma tasu. Ni dai abin da na sani masu yawo ne, ba gari ba fada. To me za a je a gani, kuma ta yaya hakan zai kare musu al'ada? Daga wata ɗaliba a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mu fara gyara zancen yawon. Mafi yawan 'yan Roma yau zaunannu ne, wasu ma unguwanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru. Ba su da alaƙa da birnin Rum. Kakanninsu daga arewa maso yammacin Indiya suka fito kimanin shekara dubu da suka wuce, harshensu na Romani kuma dangin Hindi ne. An ƙiyasta sun kai miliyan 10 zuwa 12 a Turai, kuma da yawa daga na Turkiyya da yankin Balkan Musulmi ne.

Hanyar tarihi ba titi ba ce. Wurare ne a ƙasashe daban-daban da ake haɗawa a kan labari ɗaya, baƙo ya bi su. Majalisar Turai (Council of Europe) mai hedkwata a Strasbourg ta fara shirin a 1987 da hanyar masu ziyara zuwa Santiago de Compostela a Sifaniya. Can akwai coci-coci da tsofaffin gadoji. Su Roma kuwa gadonsu yana baki da hannu: waƙa, harshe, ƙirar tagulla, cinikin dawakai.

Duk da haka abin gani bai yi kaɗan ba. A Saintes-Maries-de-la-Mer, kudancin Faransa, kowace 24 ga Mayu ana fito da mutum-mutumin Sara, waliyyar da 'yan Roma ke girmamawa, daga ƙarƙashin coci, a lulluɓe da riguna kala-kala, mahaya fararen dawakai na rakiya, har sai an shiga da ita cikin teku. A Granada akwai kogunan Sacromonte inda iyalai suka raya kiɗa da rawar flamenko, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2010. Birnin Brno na ƙasar Czech yana da gidan tarihin Roma tun 1991.

Sai wuraren baƙin ciki, waɗanda a ganina su ne ƙashin bayan hanyar. An bautar da Roma a Moldavia har zuwa 1855, a Wallachia kuma har zuwa 1856, yankunan da daga baya suka haɗu suka zama ƙasar Romaniya. A daren 2 ga Agusta 1944, 'yan Nazi suka hallaka dubban Roma da suka rage a sansaninsu na Auschwitz-Birkenau. Amma labarin Lety ya fi nuna yadda aka daɗe ana kawar da kai. Sansani ne na lokacin yaƙin duniya na biyu a ƙasar Czech inda ɗaruruwan Roma suka mutu, yawancinsu yara. A shekarun 1970 sai gwamnati ta gina gidan kiwon aladu a wurin. Jikoki na zuwa tunawa da matattunsu, warin kashin alade na dukan hancinsu. Sai da aka yi ta gwagwarmaya shekara da shekaru kafin gwamnati ta sayi gonar, aka fara rushe ta a 2022, aka buɗe wurin tunawa a 2024.

Ko hanya na kare al'ada? Wani lokaci. Tana sa hukuma ta kula da wuri, tana kawo wa makaɗa da masu sana'a ciniki. Amma ki dubi Sulukule a Istanbul, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Roma, wadda kiɗanta ya yi suna a duk Turkiyya. Sunan bai hana a rushe ta ba a ƙarshen shekarun 2000, aka kwashe mutanen zuwa bayan gari, aka gina sababbin gidaje da ba su da ƙarfin saya. Ana son kiɗan, ba a son makaɗin a maƙwabta.

Shi ya sa idan aka kawo mini irin wannan shiri, nakan tambayi wa ke riƙe da makullin gidan tarihin, wa ke yi wa baƙi bayani, kuma aljihun wa kuɗin tikiti ke shiga. Cibiyar Heidelberg a Jamus 'yan Sinti (wani reshen Roma) da Roma ne da kansu suke tafiyar da ita, haka cibiyar fasaha da al'adun Roma da aka buɗe a Berlin a 2017. Idan bincike za ki yi, daga waɗannan biyun za ki fara.