Ɗana na son karatun kasuwanci a jami'a: in bar shi ko in zaunar da shi a shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sayar da atamfa da shadda, ina sarowa daga Kano da Duwala. Babban ɗana ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare bana, yana so ya tafi jami'a ya karanta harkar kasuwanci. Ni kuwa ina ganin yaran unguwarmu da suka gama digiri suna zaune, wasu sun koma haya da babur. Ban yi boko ba, ga shi Allah ya rufa asiri. In bar shi ya tafi ko in zaunar da shi a shago? Shi kuma aikin akanta da yake yawan ambata, ana cin abinci da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Shawarata ita ce ka bar shi ya tafi, amma ya riƙe fannin akanta tun daga farko, kuma kada ƙafarsa ta ɗauke daga shago.

Abin da idonka ya gani a unguwa gaskiya ne. Akwai digirin kasuwanci da ake yi wa ɗalibi ɗanɗane: a taɓa tattalin arziki, a taɓa dabarun talla, a taɓa dokar kasuwanci, shekara uku ta cika a ba shi takarda. Ilimi ne, amma mai ɗaukar ma'aikata yakan tambaya ne: me za ka iya yi mini gobe da safe? Jami'ar Ngaundere tana nan tun 1993, ta Marwa an kafa ta a 2008, ga ta Garwa da ta zo a 2022. Ɗalibai sun yawaita, manyan wuraren aiki kuwa a arewa ana iya ƙirga su: kamfanin auduga SODECOTON mai hedikwata a nan Garwa, kamfanin siminti na Figil, SEMRY ta shinkafa a Yagwa, tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, rassan bankuna, sai ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Marwa da Kusiri. Ba za su kwashe kowa ba.

Akanta kuwa sana'a ce ta hannu, kuma doka ce ta tsaya mata. Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka sa hannu a yarjejeniyarta a 1993, sakatariyarta kuma tana Yawunde. Ƙasashen nan tsarin lissafi ɗaya suke bi, SYSCOHADA, wanda aka sabunta a 2017 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. A ƙarƙashinsa kowane kamfani sai ya riƙe littattafansa, ya rufe lissafin shekara a 31 ga Disamba, ya adana takardunsa har shekara 10. Ƙaramin ɗan kasuwa da cinikinsa na saye da sayarwa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba an sassauta masa, ya rubuta shige da ficen kuɗi a sauƙaƙe. Wanda ya haura haka sai cikakken tsari. Lambobin asusun ma iri ɗaya ne ko'ina: rukuni na 3 kayan sito, na 4 masu bin ka da waɗanda kake bi, na 5 kuɗin hannu da na banki, na 6 abin da aka kashe, na 7 abin da aka samu. Yaron da ya ƙware a wannan zai zauna a ofis a Njamena ko Yamai ko Abijan ya ci gaba da aiki ba tare da sake koyo ba. Ka dai sani Najeriya ba ta cikin OHADA. In yana da burin aiki a Yola ko Kano, sai ya ƙara da Turanci da tsarinsu na can.

Yanzu mu dawo shagonka, don nan ne na fi so ka tsaya ka yi tunani. Na san 'yan kasuwa irinku suna riƙe lissafin miliyoyi a ka, kuma ban raina wannan baiwar ba. Amma ka duba yadda kasuwar ta koma. Kana saro kaya da naira, kana sayarwa da sefa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take hawa da sauka. Dila ɗaya ta atamfa, kafin ta iso shago, ta ɗauki kuɗin canji, kuɗin mota, kuɗin kwastan, ladan 'yan dako, da abin da ya lalace a hanya. In ba a tara waɗannan duka an raba su a kan kowane turmi ba, mutum zai yi ta ciniki yana murna alhali uwar kuɗi yake ci. Ga bashin da ke hannun teloli da dillalai, wanda a baki dukiya ce, a aljihu kuwa babu ita. Ga kuɗin cefane da na biki da ake zara daga aljihun tebur ɗaya da na shago.

Sai haraji. Wanda cinikinsa ya kai matakin karɓar TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, kashi 19.25 cikin 100 yake ɗorawa a Kamaru. A ce ka sayar da kayan miliyan 1, sefa 192,500 da ka karɓa a kai ba taka ba ce, ta gwamnati ce, sai dai a cire wadda kai ma ka biya wajen sari in kana da rasit ingantacce. Wanda ba ya ajiye rasit ya yi asarar wannan ragin. Akwai bayanin wata-wata da ake shigarwa kafin 15 ga wata, akwai na shekara da ake kira DSF, kuma yanzu ta intanet ake yin su. Na ga shaguna masu albarka da suka durƙushe bayan rasuwar mai su, ba don 'ya'yan sun ci amana ba, sai don babu wanda ya san me ke sito, wa ake bi, wa ke bi. Rabon gado ya zama rigima, zumunci ya lalace. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, don littafi ɗaya da aka riƙe da kyau da ya hana shi.

Hanyoyin karatun kuwa ga su a taƙaice. Mafi kusa ita ce difloma ta BTS a fannin akanta, shekara 2 bayan bak, kuma ta fi karkata ga aikin hannu. Akwai lisans, wato digiri na farko, shekara 3, masta ta ƙara 2. Mai ƙoƙari ya gwada jarrabawar shiga ESSEC, babbar makarantar kasuwanci ta Duwala. Mai sha'awar aikin gwamnati, ofishin haraji ko baitulmali ko kwastan, ƙofarsa jarrabawar ENAM ce, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati a Yawunde, kuma gurabenta kaɗan ne, kada a jingina rai da ita kaɗai.

Ƙololuwar sana'ar ita ce zama ƙwararren akanta mai sa hannu a lissafin kamfanoni. Ba digirin jami'a ke ba da wannan ba. A tsarin Faransa da mutanenmu da yawa ke bi, sai an wuce matakan karatun akanta biyu, DCG da DSCG, a yi koyon aiki shekara 3, sannan a samu takardar ƙwarewa ta DEC. Shekara 8 ke nan in komai ya tafi daidai. Bayan haka sai amincewar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, da shiga rajistar ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Kamaru. Tafiya ce mai tsawo da tsada, kuma ba dole ba ce ga kowa. Yawancin masu cin abinci da wannan aiki ba su kai can ba: suna riƙe littattafan kamfanoni, suna shirya albashi da kuɗin CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata, suna kula da asusun ayyukan agaji, ko su haɗa 'yan kasuwa biyar ko shida suna yi musu lissafi da takardun haraji. Albashin farawa ba shi da yawa, gara ya sani tun yanzu. Amana da ƙwarewa ne ke ɗaga shi a hankali.

Sharaɗin da na ce shi ne aiki da hannu. Kai ka fi ni sanin cewa wanda bai taɓa hawa keken ɗinki ba ba a ba shi shaddar Sallah ya yanka, ko da ya haddace sunan kowane ɗinki. Kowane hutu ya nemi ofishin akantoci ya yi koyon aiki, ko ba za a biya shi ba. Ya iya Excel sosai, ya iya manhajar Sage da kamfanoni da yawa ke amfani da ita, ya gyara Faransancinsa na rubutu. Hausa da Fulatancin da ya tashi da su ma jari ne, don ɗan kasuwar Garwa ya fi sakin jiki da wanda zai fassara masa takardar haraji da harshensa.

Iyaye da yawa suna tambayata batun kuɗin ruwa. Rubuta bashi da adalci umarni ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Aiki a bankin da ke mu'amala da ruwa kuwa mas'ala ce ta malamai, ku kai musu. Akanta yana da wuraren aiki da yawa da ba banki ba. Haɗarin da na fi ji masa shi ne ranar da maigida zai ce ya rubuta abin da ba haka yake ba don a rage haraji. Ya ƙi, ko da aikin zai tafi, domin laifi ne a doka, kuma wanda ya rubuta ba ya tsira.

Kafin a buɗe makaranta, ka ba shi littafi da alƙalami ya ƙirga duk turmin da ke sito da kuɗin da aka saro shi, ya rubuta sunan duk wanda kake bi da ranar da ya karɓi kaya. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka na gida kowane wata, shi ma a rubuta. In wata ya ƙare ku zauna ku biyu ya karanto maka. Daga yadda ya riƙe littafin nan za ka gane ko BTS za ka biya masa ko doguwar hanya.