Amsa: Ƙungiyarmu ta fara kauce wa manufarta, ta ina za mu gyara?

Hajiya, kin ce don marayu aka kafa ƙungiyarku a Aboabo, amma yanzu kuɗin ya fi tafiya wajen suna da zaman makoki, kuma kowa na magana da yawunta a WhatsApp.

Ku fara da littafin ma'aji kafin a kira taro. A ɗauko bayanan MoMo (asusun kuɗi na waya) na wata 12, a rubuta inda kowace sidi ta shiga: kuɗin makaranta, sabunta katin inshorar lafiya na NHIS, abinci, biki. Sai a ajiye takardar kusa da manufar da ke cikin tsarin mulkinku. Taron da babu alƙaluma, musu kawai yake zama, mai babbar murya ya yi nasara. In kun yi rajista ƙarƙashin dokar kamfanoni ta Ghana ta 2019, duk sauyin manufa sai an sanar da ofishin rajista.

Batun magana kuwa, kakaki ɗaya ya isa, sakatare ya duba saƙo kafin ya fita. A daina sa fuskar maraya a Facebook don neman tallafi, yaron zai girma a unguwar nan. Lokacin zaɓe kuma, kada hular jam'iyyar NPP ko NDC ta shiga hoton rabon kaya.