Daga New York zuwa Singafo, kwana biyu ake yi a sama?

Tambaya: Salam Malam. Tikitina daga filin jirgin JFK na New York zuwa Changi na Singafo ya nuna za mu tashi Litinin da dare mu sauka Laraba da asuba, kuma wai ba tsayawa ko ina. Wai kwana biyu za mu yi a sama? Nisan nawa ne ma tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, babu jirgin fasinjan da zai iya kwana biyu a sama, mansa ma ba zai kai ba. Agogo ne ya rikita ka. Singafo tana gaban New York da awa 12, lokacin sanyi kuma 13 saboda Amurkawa na mayar da agogonsu baya, to in kun tashi ƙarfe 10 na daren Litinin kuka yi wajen awa 19 a sama, a New York ƙarfe 5 na yammacin Talata ne, amma can inda ka sauka 5 na asubar Laraba ake kira. Shi tikiti kullum lokacin garin da kake ciki yake rubutawa.

Nisan kuwa kilomita kusan 15,350 ne in an bi hanya mafi gajarta, wadda in ka ɗauki zare ka ja shi a kan ƙwallon taswirar duniya za ka ga ta bi ta can kusa da ƙuryar arewa ne, ba ta tsakiya ba kamar yadda taswirar bango ke nunawa. Jirgin na gudun kilomita wajen 900 a awa, ka ga lissafi ya ba da awa 17 kenan, sai ka ƙara hawa da sauka da bin layi a titin jirgi.

Amma fa matuƙa ba ruwansu da zarenka, iska suke bi. Can sama akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, gara ta tura ka ta baya da ka yi karo da ita, shi ya sa sau da yawa daga Singafo ake bi ta tekun Fasifik, a dawowa kuma a ratsa Atlantika da Turai, an ƙara nisa amma an rage lokaci da mai. Saboda haka kar ka riƙe awa 19 ɗin nan kamar aya, yau ta ragu gobe ta ƙaru.

Kamfanin Singapore Airlines ne ke wannan zirga-zirgar tun Nuwamban 2020, daga baya ya koma amfani da jirgi samfurin Airbus A350-900ULR, kujeru 161 kacal, babu ma ajin ikonomi na gama-gari a ciki don a rage nauyi. Ni dai shawarata ka nemi kujerar bakin hanya, ka riƙa miƙewa kana taka ƙafa, ka sha ruwa sosai, kana zama kuma ka juya agogonka zuwa lokacin Singafo.