Amsar Kawu kan kwalin kaset da ke ƙarƙashin gado

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na ga tambayar da ɗan ƙanwata ya ajiye tun bayan La'asar. Ya ce, Kawu, jiya da muka zo gyaran ɗaki na ga kwali cike da kaset a ƙarƙashin gado, ga babbar waya a hannunka, me ya sa ba za a zubar ba? To, yarona, wannan ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ku yi haƙuri in ta yi tsawo.

Ka ga 'yar rikodar nan da ke saman kwalin, mai abin kunne? Walkman ke nan. Kamfanin Sony ya fara fitar da ita a Japan a 1979, amma mu nan Jos sai da ta zagaya duniya ta gaji kafin ta zo hannunmu. Tawa ta hannu ce, na saye ta a babbar kasuwar Terminus tun kafin gobarar 2002 ta cinye kasuwar. Wata nawa na yi ina tara kuɗin, ina rage na abinci. Ranar da na maƙala ta a ƙugu na biyo Ahmadu Bello Way a ƙasa har gida, wallahi ban san na yi tafiya ba.

Batir biyu ƙanana take ci, kuma sanyin Jos ba ya ragar wa batir. In ya fara sanyi za ka ji muryar mawaƙi ta yi nauyi, tana ja kamar mai jin barci. Sai mu cire mu shanya a rana, mu mayar, ya ƙara mana ko waƙa biyu. Mayar da kaset baya kuwa, wa zai ɓata batir a kai? Biro za ka zura a ramin, ka yi ta juyawa da hannu. In rikoda ta tauna zaren, ka zauna ka zaro shi a hankali, ka miƙar, in ya tsinke ka liƙa da salatif ko jan farcen yayarka. Wurin nan da ka liƙa, har abada za ka ji waƙar ta ɗan yi tuntuɓe in an zo kansa, kuma ka san ranar da abin ya faru.

Kaset mai lamba 90, TDK ko Maxell, minti 45 ne kowane gefe. Iyakar abin da kake da shi ke nan a aljihu. Saboda haka sai ka zaɓa, sai ka yi tunani kafin ka ɗauka. Ni nawa, gefe ɗaya kuntigin Ɗan Maraya ne, mutumin garinmu, Allah ya jiƙansa, ɗaya gefen Shata. Na ji su har na san inda mai kalangu yake shigowa, na san inda 'yan amshi suke numfashi. Ba tsallakewa. Waƙar da ba ta burge ka da farko ba, dole ka bi ta cikinta kafin ka isa wadda kake so, kuma sau tari ita ce take zama taka daga baya.

Sannan ba kai kaɗai kake ji ba. A motar Abuja, ana gangara Hawan Kibo, kunne ɗaya nawa, ɗaya na abokina, wayar gajera, dole kafaɗa ta haɗu.

Daga baya faifan CD ya zo da tasa 'yar rikodar, sauti garau, amma mota na faɗawa rami waƙa ta yi tsalle. Ban daɗe da ita ba. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, a shekarar kuma Apple ya fitar da iPod mai ɗaukar waƙa 1,000, mu dai labarinta muka fi ji. Abin da ya kashe kaset a wajenmu mimori ne da Bluetooth, da yaran nan masu turi a bakin titi, ka ba su 'yan canji su cika maka waya. Yanzu kuma manhajojin jin waƙa a waya, Audiomack da Boomplay. Ba na raina su, ina amfani da su, har tsofaffin waƙoƙin da na yi shekaru ina nema na samu a ciki. Abin da ke damuna, na lura ba na kai waƙa ƙarshe. Minti ɗaya, yatsa ya ture ta. In data ta ƙare kuwa, shi ke nan, ba ka da komai a hannu.

Amma ainihin dalilin, yarona, akwai wani kaset a ciki mai baƙin rubutu da biro. Babban kawunka, marigayi Yaya, shi ya ɗauko mini daga rediyo. Lokacin ba mu da wayar haɗawa, sai ya kara rikoda a bakin rediyo ya ce kowa ya yi shiru. Ana tsakiyar waƙa Inna ta ƙwala masa kira daga tsakar gida, shi kuma ya amsa, na'am Inna, ina zuwa. Duk ya shiga. A lokacin har fushi na yi, na ce ya ɓata mini kaset. Yau su biyun ba sa duniya, kuma ba mu da muryarsu a ko'ina sai nan. Na karya ɗan haƙorin nan na saman kaset ɗin tun shekarar da ya rasu, don kada wani ya yi kuskure ya ɗauki wani abu a kai.

Don haka kada a taɓa kwalin nan. In ka san wanda zai iya juye kaset zuwa waya ba tare da ya lalata zaren ba, ka haɗa ni da shi, amma a gabana za a yi. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka taho da batir biyu, ka zo da mamanka ma, ita ce jaririyar da ke kuka a ƙarshen gefen farko. Sai na ji daga gare ku.