Sandar wasannin faɗa: a horar da hannu kafin a ɗauki sukudireba

A makonnin nan saƙonni sun taru mini a kan abu guda, kuma duk daga nan Zariya: akwatin nan mai sanda da manyan maɓallai da ake buga wasannin faɗa da shi, irin su Street Fighter, Tekken da Mortal Kombat. A shafukan sayayya arcade stick suke rubutawa, amma a nan sanda kawai zan riƙa ce masa. Asalinsa daga manyan injinan wasa na tsaye ne, waɗanda ake jefa wa kwandala kafin a buga. Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1991, shi ya yaɗa tsarin da aka fi sani: sanda a hagu, maɓallai shida a dama, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. Mu kuwa yawancinmu da hannun PlayStation muka tashi a shagunan gem na Sabon Gari da Samaru, babban yatsa ne ya saba da aikin. Daga nan matsalar mai tambaya ta farko ta samo tushe.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. Na tara kuɗi na sayi sandar Mayflash. Da can da hannun gem ba kowa ke iya cinye ni a Street Fighter 6 ba. Yanzu kwana goma ke nan ko Hadoken, jifan ƙwallon wutar nan, ba ya fita daidai, ɗan wasana sai tsalle yake ta yi ba gaira ba dalili. Abokai sun ce kayan cikin ne ba su da kyau. Me zan fara canzawa?

Amsa: Ƙanena, kada ka canza komai tukuna. Kwana goma ba su isa a yanke wa sanda hukunci ba. Shekaru nawa babban yatsanka ya yi yana koyon aikin nan? Yanzu ka ƙwace aikin daga gare shi ka miƙa wa wuyan hannu, wanda bai taɓa yi ba. Duk wanda na sani da ya koma sanda sai da wasansa ya faɗi ƙasa na ɗan lokaci.

Bari in faɗa maka abin da ke ƙarƙashin murfin, domin idan ka gane shi rabin wahalar ta wuce. A gindin sandar akwai ƙananan makunnai huɗu: sama, ƙasa, hagu, dama. Babu makunni na musamman na kusurwa. Idan wasa ya ga ƙasa-da-gaba, to makunnai biyu ne suka danne a lokaci guda. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani faifan roba mai rami, shi ke yi wa sandar iyaka, mu kira shi shinge. A yawancin sanduna irin na Japan ramin nan mai kusurwa huɗu ne. Kai a ranka da'ira kake zanawa, alhali ƙarfen a cikin murabba'i yake yawo. Shi ya sa idan ka tura shi da ƙarfi yana gogar bango, yakan zarce gaba ya faɗa kusurwar sama, wasa kuma ya ɗauka tsalle ka nema.

Masu wasan nan suna rubuta motsi da lambobin gefen dama na kibod ɗin kwamfuta: 2 ƙasa, 6 gaba, 4 baya, 8 sama, 5 tsakiya, idan ɗan wasanka yana fuskantar dama. Hadoken shi ne 236 sai naushi: ƙasa, ƙasa-da-gaba, gaba. Shoryuken, naushin nan mai tashi sama, kuma 623: gaba, ƙasa, ƙasa-da-gaba. Shiga sashen atisaye na wasan, ka kunna abin da ke nuna duk motsin da ka shigar a gefen allo. Yi 236 sau goma a hankali, ka karanta abin da ya fito bisa lambobin nan. Idan ka ga 26, ka tsallake kusurwa. Idan ka ga 2369, ka wuce gona da iri, ka zarce zuwa 9, wato sama-da-gaba. Idan naushin ya bayyana kafin 6, hannun damanka ya riga na hagu, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Allon ba ya ƙarya, kuma ya fi duk wani aboki gaya maka gaskiya.

Ka kasa kunne ga ƙarar makunnan. Da zarar ka ji ƙas, umarni ya shiga, ba sai ka kai ƙarfen bango ba. Wasannin nan suna tafiya ne a kan hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kowane hoto bai kai milisakan 17 ba, saboda haka duk tazarar da hannunka ya yi a banza jinkiri ce.

Batun riƙo kuwa, wasu suna sa ƙarfen tsakanin yatsan tsakiya da na zobe, tafin hannu na kallon sama. Wasu tsakanin na zobe da ƙaramin yatsa, gefen hannu na kwance a kan akwatin. Wasu da kan yatsu uku kawai suke riƙe ƙwallon. Zaɓi wanda bai gajiyar da kai, ka tsaya a kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a dunƙule ƙwallon a tafi kamar giyar tifa, kafaɗa na aiki. Kuma lallai ka yi atisaye ta ɓangarorin biyu. Mutane da yawa sun iya motsin idan suna hagun allo, da an tsallake su sun koma dama sai hannu ya rikice. Minti ashirin kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar.

Abu ɗaya nake so ka cire daga ranka: sanda ba ta ba da nasara. Arslan Ash na Pakistan da sanda ya lashe Evo, babbar gasar wasannin faɗa, ta Japan da ta Amurka a Tekken 7 cikin 2019. Amma a 2014 Luffy na Faransa ya lashe Evo a Street Fighter IV da tsohon hannun PlayStation na farko. Idan bayan wata biyu ka ga ranka bai kwanta da ita ba, komawa hannun gem ba abin kunya ba ne.

Tambaya: Injiniya, ni mai shagon gem ne a Tudun Wada. Sandata ta shekara biyu, maɓalli ɗaya yana maƙalewa, ƙarfen kuma ya yi nauyi yana ƙara. Zan iya gyarawa da kaina? An kuma ce in sa shinge mai kusurwa takwas.

Amsa: Za ka iya, maigida, kuma ba ka buƙatar solda a yawancin sanduna. Cire kebul daga na'ura, ka kwance murfin ƙasa, sannan kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka. Kowane maɓalli yana da wayoyi biyu masu bakin ƙarfe da ake zura wa ƙafafunsa. Ka kama bakin ƙarfen ka ja a hankali, kada ka ja wayar kanta. Maɓallin yana da kunnuwa biyu a gefe, ka matse su ka tura shi waje ta sama. Manyan maɓallan faɗinsu milimita 30 ne, ƙananan na farawa sukan zama 24. Ba ruwan maɓalli da wace waya ta shiga wace ƙafa, muddin dai wayoyinsa ne biyun. Ka yi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tuge duka takwas ka zauna kana tunanin wace waya ce ta wa.

Sunayen da aka fi amincewa da su biyu ne, dukansu na Japan: Sanwa da Seimitsu. Maɓallin Sanwa mai lamba OBSF-30 taushi gare shi, ɗan taɓawa kaɗan ya amsa. Na Seimitsu ya ɗan fi tauri. Ga shago, inda yara ke dora yatsu a kan maɓalli suna jira, ni na fi son mai ɗan tauri. Akwai jabu a kasuwa da yawa, don haka idan farashi ya yi arha fiye da hankali, ka yi hattara.

Nauyin ƙarfen kuwa, ina zargin ƙura ce. Duk wanda ya yi hunturu a Zariya ya san yadda take shiga ko'ina, har cikin akwatin da ke rufe. Tana bi ta ramin sandar ta gauraya da giris ɗin da ke kan mazaunin ƙarfen, ta zama kamar laka. A irin sandar Sanwa JLF, akwai ɗan ƙaramin zoben ƙarfe mai siffar E a ƙarshen ƙarfen. Idan ka cire shi, robar da ke danna makunnai da sifirin za su fito, ƙarfen ya zare ta sama. Ka rufe wurin da tafin hannu ko ka yi aikin a cikin leda, domin zoben nan tsalle yake yi. Na taɓa rasa ɗaya a tsakar gida, sandar ta yi mako uku a ajiye saboda abin da bai kai farce girma ba. Goge tsohon giris da ƙyalle mai tsabta, ka shafa sabo kaɗan, na silikon. Don Allah kada ka sa baƙin mai, ko man keken ɗinki, ko basilin. Suna jan ƙura, kuma wasunsu suna lalata roba. Bayan an tashi daga shago a lulluɓe sandar da ƙyalle.

Shinge mai kusurwa takwas yana taimaka wa mai son jin kowane ɓangare a hannunsa, kuma sa shi ba wuya: kunnuwa huɗu ne ke riƙe da shi. Sai dai ban cika ba da shawararsa ba. Yana koya wa mutum jingina da bango, kuma ranar da ya zauna a kan sandar wani sai ya zama baƙo. Kusurwar murabba'i tana da amfani babba: durƙusawa a kare kai, wato ƙasa-da-baya, wuri ne da ƙarfen ke zama daram. Idan masu Tekken ne suka fi yawa a shagonka, ka san cewa 'yan Koriya suna da tasu irin sandar, kamar ta Crown, mai dogon kai, wadda roba ce ke dawo da ita tsakiya maimakon sifirin. Sai ka auna tukuna, domin ba kowane akwati take shiga ba. Duk abin da za ka canza, canza abu ɗaya ka buga mako guda kafin na gaba, kuma kada ka yi hakan daren da za ka haɗa gasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Yaya, ni ɗaliba ce a Kongo. Kuɗin sanda ya fi ƙarfina. Ƙanena kafinta ne, ya ce zai haɗa mini akwatin. Zai yi aiki a PS4?

Amsa: Ƙanwata, wannan tambaya ta faranta mini rai, domin hanyar da na fi so ke nan. Sanda ba komai ba ce illa akwati, ƙarfe, maɓallai da ɗan allon lantarki da ke kai saƙo ta USB. Ki ce wa ƙanenki ya yi akwatin da faɗi da ɗan nauyi, yadda zai zauna a cinya ba ya zamewa, ya kuma bar wurin ɗora tafin hannu a gaban maɓallan. A buga tsarin ramukan a takarda daidai girmansa, a manna a kan katakon kafin a huda. Kada a jera su a miƙe kamar layin soja, yatsu ba tsayinsu ɗaya ba. Maɓallai masu kunnuwa don siririn ƙarfe aka yi su, ga katako ki nemi masu zare da ake ɗaurewa da noti ta ƙasa, irin OBSN-30. Idan katakon na da kauri, sai an rarake wurin sandar ta ciki, in ba haka ba ƙarfen zai fito gajere.

Allon lantarkin shi ne inda ake yin asara. Mai arha da ake kira Zero Delay yana aiki a kwamfuta da PS3, amma kada ki saye shi don PS4. Akwai kuma Raspberry Pi Pico, wanda ake ɗora wa manhajar kyauta mai suna GP2040-CE, yana da sauri sosai a kwamfuta da Nintendo Switch. Matsalar PS4 ita ce tana tantance abin da aka jona mata. Idan allon bai da amsar da take nema, zai yi aiki kamar minti takwas sannan ya tsaya cak, sai an cire an mayar. Saboda haka ki nemi allon da aka rubuta ƙarara cewa na PS4 ne, irin na kamfanin Brook, ko da ya fi tsada. Idan kin haɗa, ki fara gwadawa a kwamfuta: danna maɓallin Windows da R, ki rubuta joy.cpl, za ki ga kowane maɓalli yana haske idan kin danna. Idan kin tura sama ya nuna ƙasa ko gefe, wayar sandar mai baki biyar ce aka juya, ko jerin wayoyin bai dace da allon ba.

Tambaya: Malam, daga Gyallesu. Sanda tana aiki a wayar Android?

Amsa: Da yawa suna yi, ta hanyar ɗan kebul na OTG, idan wayar da wasan sun karɓi hannun gem. Idan sandar tana da makunnin zaɓen yanayi, gwada XInput, in ya ƙi ka koma DInput. Sandar daga batirin wayar take shan wuta, don haka ka cika caji kafin ka fara. Wanda kuma ke bugawa a talabijin ya ji kamar umarni na makara, ya shiga saitin hoto ya kunna yanayin gem kafin ya ɗora wa sanda laifi.