Na'urar ɗame fata da iskar hiliyom, da sauran tambayoyinku kan ƙiba da rama

Saƙonnin wannan makon duk na mata ne, kuma duk a kan nauyin jiki suke.

Wata uwar yara huɗu daga Samarun Zariya ta rubuto: "Likita, tun haihuwata ta huɗu tumbina ya saki. Na ga tallar wata na'ura mai aiki da iskar hiliyom a Instagram, wai tana narkar da kitse. Gaskiya ne?"

Maman yara, na'urar akwai ta, amma mai tallar ya ƙara gishiri. Sunanta Renuvion, a da J-Plasma, kamfanin Apyx Medical na Amurka ke ƙera ta. Hiliyom ita ce iskar nan da ake hura wa balan-balan ya tashi sama. Idan lantarki ya ratsa ta sai ta koma filasma, wato iska mai ɗauke da caji, dangin walƙiya. Likitan fiɗa zai ɗan tsaga fata, ya zura siririn ƙarfe ta ƙarƙashi, ya riƙa sakin zafin da ke kai kusan digiri 85 na ƙiftawar ido. Jijiyoyin da ke riƙe da fatar sai su tsuke, kamar yadda tsire ke motsewa a bakin wuta.

Aikinta ke nan, ɗame fata. Sikeli ba zai nuna kin ragu ba, domin shi kitse da wani aikin daban ake zuƙe shi. A watan Maris na 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ja kunnen likitoci kan amfani da ita wajen gyaran fata, saboda rahotannin ƙuna da na iskar da ke maƙalewa a ƙarƙashin fata ko ta shiga ƙirji. Daga baya ta amince da ita a ayyuka ƙayyadaddu, kamar sakakkiyar fatar wuya, sannan a 2023 bayan zuƙar kitse. Mu masu baƙar fata muna da namu ƙarin: ƙuna takan bar mana baƙin tabo, wani har ya tashi ya yi tudu.

Abin da na fi zato a kanki ma ba fata ba ce. Goyon ciki sau huɗu yakan raba tsokar ciki gida biyu, tumbi ya turo gaba, kuma wannan na'ura ba ta haɗe tsoka. Ki je sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Shika a duba ki, a koya miki atisayen da ya dace. In kuma kina sa ran wata haihuwar, ko nauyinki bai tsaya wuri ɗaya ba, duk fatar da aka ɗame za ta sake saki.

Wata budurwa daga Tudun Wada ta ce saura wata biyu bikinta, ƙawaye sun kawo mata sha-ka-fashe don ta ciko.

Ƙanwata, yawanci abin da ke cikin ƙullin nan dezametason ne, wani maganin asibiti mai kwaikwayon wani sinadari da jiki ke yi da kansa, wani lokacin a haɗe da maganin buɗe ciki. Kumburi yake sa wa: fuska ta yi fam, tumbi ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa. Bayansa ga ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi. In ba ki fara ba, kada ki fara. In kin yi makonni kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin kuma mutum na iya suma. Likita ne zai rage miki a hankali. Fura da nono, gyaɗa, ƙwai da wake sun ishe ki. Angon ma a haka ya gan ki ya ce yana so.

Daga Sabon Gari: "Allurar tazarar haihuwa ta wata uku na sa ƙiba?"

Takan sa wa wasu, kimanin kilo 2 a shekarar farko. Wadda ta fara hawa da sauri tun a watanni shida na farko ita ta fi ci gaba da hawa. In hakan ya dame ki, ki nemi a canza miki wata hanyar, akwai su da yawa.

Ta ƙarshe daga cikin birni, wajen Ƙofar Doka: mahaifiyarta mai shekara 58 tana ramewa, ga shi tana cin abinci sosai, dangi na cewa girma ne.

'Yar'uwa, wannan saƙon ya fi sauran tayar mini da hankali. Bayan ɗaukewar al'ada, tsakanin shekara 45 zuwa 55, ƙiba aka fi gani, musamman a ciki. Mai kilo 70 da ta zubar da 3 da rabi cikin wata shida ba tare da niyya ba tana bukatar bincike. Ki lura ko Mama na yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko bugun zuciya da jin zafi, ko tarin da ya wuce mako biyu, ko ganin jini bayan al'ada ta ɗauke. Ki kai ta asibiti a wannan makon, da safe kafin ta karya, a fara da gwajin suga da na maƙoƙo.